Tambayoyi da amsoshi kan bin bishiya mai rassa biyu da sitak a tsarin uwa-a-ƙarshe

Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin Hausawa masu koyon rubuta manhaja a Legas, wasunsu ɗalibai ne a Jami'ar Legas da ke Akoka ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, wasu kuma suna koyo da kansu a Agege da Idi-Araba bayan sun tashi daga kasuwa. An rubuta misalan da harshen Python, amma dabarar ɗaya ce a kowane harshe. A nan bishiya tsarin ajiye bayanai ce a kwamfuta inda kowace uwa ke da 'ya'ya biyu in sun yi yawa, ta hagu da ta dama, sitak ma'aji ne da abin da ya shiga ƙarshe ke fita farko, gaɓa tana nufin kowane ɗigo na bishiyar da ke ɗauke da daraja, saiwa ita ce gaɓar da ke can sama wadda ba ta da uwa, ganye kuwa gaɓa ce da ba ta da 'ya ko ɗaya.

Mene ne tsarin uwa-a-ƙarshe, kuma me ya bambanta shi da sauran?

Hanyoyi uku ne aka fi sani na bin bishiya ta zurfi, kuma abin da ya raba su shi ne lokacin da ake ziyartar uwa. A tsarin uwa-a-farko ana ziyartar uwa, sannan reshen hagu, sannan reshen dama. A tsarin uwa-a-tsakiya ana gama reshen hagu, a ziyarci uwa, a shiga reshen dama. A tsarin uwa-a-ƙarshe, wanda ake ce wa fos-oda a aji, ba a taɓa uwa sai an gama da reshen hagu gaba ɗaya, an kuma gama da reshen dama gaba ɗaya.

Ga bishiyar da za mu yi ta komawa gare ta. Saiwarta 50 ce. 'Yar hagun 50 ita ce 30, 'yar damanta 70. Ita 30 tana da 20 a hagu da 40 a dama, 40 kuma tana da 35 a hagu kawai. Ita 70 ba ta da kowa a hagu, tana da 80 a dama.

```
        50
       /  \
     30    70
    /  \     \
  20    40    80
        /
      35
```

Uwa-a-farko zai ba da 50, 30, 20, 40, 35, 70, 80. Uwa-a-tsakiya zai ba da 20, 30, 35, 40, 50, 70, 80, wato a jere daga ƙarami zuwa babba, domin wannan bishiyar bincike ce, inda ƙananan darajoji ke hagun uwa, manya ke damanta. Uwa-a-ƙarshe zai ba da 20, 35, 40, 30, 80, 70, 50, kuma saiwa ce ke zuwa ƙarshe a kullum.

Malam, tunda aikin da ke kiran kansa layi huɗu ne kacal, me zai sa mu wahalar da kanmu da sitak?

Gaskiya ne, hanyar kiran-kai ta fi gajarta kuma ta fi daɗin karatu: a kira aikin a kan hagu, a kira shi a kan dama, a ziyarci gaɓar. Sai dai ita ma da sitak take aiki, sitak ɗin ne kawai ba a hannun mai rubutu yake ba. Duk lokacin da aiki ya kira kansa, kwamfuta tana ajiye bayanin inda ta tsaya a sitak ɗin kira, kuma wannan sitak ɗin yana da iyaka. A Python iyakar zurfin kira da aka saba sakawa ita ce 1000, wanda ya wuce ta zai gamu da `RecursionError`. A Java kuskuren da ke fitowa shi ne `StackOverflowError`. A harshen C a kan Linux, inda yawanci ake ba babban zaren manhaja (zare shi ne layin aiki guda da manhaja ke gudanarwa) sitak mai megabait 8, babu ma gargaɗi mai kyau, manhajar ce kawai za ta faɗi.

Mutum zai iya cewa ai bishiya mai zurfin 1000 abu ne da ba kasafai ake gani ba, tunda bishiya mai daidaito da ke da gaɓoɓi miliyan ɗaya zurfinta kusan 20 ne kawai, saboda 2 guda 20 idan aka ninka su da juna suna ba da 1,048,576. Matsalar ita ce ba kowace bishiya ce ke da daidaito ba. A ce ɗan kasuwa yana saka lambobin rasit a bishiyar bincike ta talaka, daga 1 zuwa 5000, a jere kamar yadda ya rubuta su. Kowace sabuwar lamba ta fi ta baya girma, don haka za ta tafi dama, bishiyar kuma za ta zama igiya guda mai zurfin 5000. Hanyar kiran-kai za ta mutu tun kafin ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na hanya. Ana iya ɗaga iyakar da `sys.setrecursionlimit`, a Java kuma da `-Xss`, amma wannan ɗage matsalar ne zuwa wata rana. Sitak ɗin da mutum ya gina da kansa yana zaune a babbar ma'adanar manhaja, inda wuri ya fi yalwa nesa ba kusa ba.

Yaya sitak yake aiki?

Sitak ma'aji ne da abin da ya shiga ƙarshe shi ke fita farko, kamar buhunan albasa da aka jibga a kasuwar Mile 12, inda ba za ka zaro na ƙasa ba sai ka sauke na sama. Ayyuka uku ake yi da shi: a ɗora abu a sama, a cire na sama, ko a leƙa na sama ba tare da an cire shi ba. A Python jeri na yau da kullum ya isa, `append` ita ce ɗorawa, `pop` cirewa, `[-1]` leƙawa.

Me ya sa wannan tsarin ya fi sauran biyun wuya idan an cire kiran-kai?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suke rataye a kanta. A tsarin uwa-a-farko, da zarar an cire gaɓa daga sitak sai a ziyarce ta, a ɗora 'ya'yanta, an gama da ita har abada. A tsarin uwa-a-tsakiya ana dawowa ga gaɓa sau ɗaya, daga hagu, a ziyarce ta, a cire ta, a wuce dama, kuma ba a sake bukatarta. A tsarin uwa-a-ƙarshe kuwa gaɓar da ke da 'yar dama za ta bayyana a saman sitak sau biyu: sau ɗaya bayan an gama hagu, sau ɗaya bayan an gama dama. A karo na farko dole a bar ta a wurin a shiga dama, a karo na biyu dole a ziyarce ta a cire ta. Sitak ɗin kuwa a karo biyun kamanninsa ɗaya ne, babu abin da ke cikinsa da zai nuna daga wane ɓangare aka dawo.

A hanyar kiran-kai ba a ganin wannan wahalar, domin kwamfuta tana ajiye layin da za ta koma tare da kowane kira, don haka ta san ko kiran hagu ne ya dawo ko na dama. Da zarar an cire kiran-kai, wannan sanin ya zama nauyin mai rubutu. Duk hanyoyin da za su biyo baya amsoshi ne daban-daban ga tambaya guda: a ina za a ajiye sanin cewa an riga an gama da dama?

Yaya hanyar sitak biyu take?

Ita wannan hanyar kauce wa tambayar take yi. Idan aka juya jerin hagu, dama, uwa daga ƙarshe zuwa farko, za a sami uwa, dama, hagu, wanda ba komai ba ne illa uwa-a-farko da aka sauya wa hannu. Don haka sai a samar da wannan jerin mai sauƙi, a tara shi a sitak na biyu, a karanto shi a juye.

```python
def sitak_biyu(saiwa):
    if saiwa is None:
        return []
    na_farko = [saiwa]
    na_biyu = []
    while na_farko:
        gaba = na_farko.pop()
        na_biyu.append(gaba)
        if gaba.hagu is not None:
            na_farko.append(gaba.hagu)
        if gaba.dama is not None:
            na_farko.append(gaba.dama)
    return [g.daraja for g in reversed(na_biyu)]
```

A bishiyarmu sitak na biyu zai cika da 50, 70, 80, 30, 40, 35, 20, juyawarsa kuma ita ce 20, 35, 40, 30, 80, 70, 50. A lura cewa hagu ake fara ɗorawa, domin dama ta kasance a sama ta fara fita. Wanda ya sauya waɗannan layuka biyu zai sami dama, hagu, uwa, kuma kuskuren ba zai bayyana ba a bishiyar da kowace uwa ke da 'ya ɗaya tak.

To idan ta ba da amsa daidai, me ya sa ake kushe ta?

Jerin da take bayarwa daidai ne, amma tafiyar da ta yi ba ta uwa-a-ƙarshe ba ce. Saiwa ce farkon abin da ta taɓa, kuma ba ta iya fitar da gaɓa ko ɗaya sai ta gama zagaye bishiyar duka. Wannan yana jawo asara biyu. Ta farko ita ce wuri: sitak na biyu yana riƙe kowace gaɓa, don haka a bishiya mai daidaito mai gaɓoɓi miliyan ɗaya zai riƙe manunai (adireshin da ke nuna inda kowace gaɓa take a ma'adana) miliyan ɗaya, kusan megabait 8 a na'ura mai bit 64, alhali hanyar sitak ɗaya da za mu gani a gaba manunai kusan 20 za ta riƙe a lokaci guda. Ta biyu ita ce ba a iya tsayawa a tsakiya. Idan gaɓoɓi goma na farko kawai ake nema, ko ana neman gaɓa ta farko da ta cika wani sharaɗi, hanyar sitak biyu sai ta biya kuɗin bishiyar duka kafin ta ba da ko ɗaya.

Idan abin da ake so kawai shi ne a dawo da cikakken jeri, kamar yadda tambaya ta 145 a LeetCode, shafin atisayen rubuta kod, ta nema, to asarar wurin ba ta da yawa, tunda jerin amsar ma girmansa ke nan. A ra'ayina hanya ce mai kyau ta fita daga jarrabawa, amma wanda ya tsaya a kanta bai riga ya fahimci matsalar ba.

Yaya ake yi da sitak ɗaya?

Ana ƙara mazubi guda da ke tuna gaɓar da aka ziyarta a baya-bayan nan. Hikimar ita ce, tunda saiwar kowane reshe ita ce ke zuwa ƙarshe a cikin reshen, idan gaɓar da aka ziyarta yanzun nan ita ce 'yar daman wadda ke saman sitak, to reshen dama ya ƙare ke nan.

```python
def sitak_daya(saiwa):
    sakamako = []
    sitak = []
    yanzu = saiwa
    na_baya = None
    while sitak or yanzu is not None:
        if yanzu is not None:
            sitak.append(yanzu)
            yanzu = yanzu.hagu
        else:
            sama = sitak[-1]
            if sama.dama is not None and sama.dama is not na_baya:
                yanzu = sama.dama
            else:
                sakamako.append(sama.daraja)
                na_baya = sitak.pop()
    return sakamako
```

Ya kamata a bi shi da biro da takarda, aiki ne da ba ya bukatar wuta ko caji. Ana farawa da ɗora 50, sai 30, sai 20, domin ana ta gangarawa hagu har sai babu kowa. Aka leƙa sama, 20 ce, ba ta da dama, sai a rubuta 20 a cire ta, `na_baya` ta zama 20. Yanzu 30 ce a sama, damanta 40, kuma 40 ba ita ce `na_baya` ba, saboda haka a bar 30 a inda take a shiga 40. A ɗora 40, a ɗora 35. A wannan lokacin sitak yana riƙe da 50, 30, 40, 35, wanda shi ne mafi tsawon da zai kai, daidai da zurfin bishiyar. A rubuta 35 a cire ta. 40 ba ta da dama, a rubuta ta a cire, `na_baya` ta zama 40. Ga 30 ta sake bayyana a sama, sitak ɗin kuma 50 da 30 ne kamar ɗazu, amma a wannan karon damanta ita ce `na_baya`, don haka a rubuta 30 a cire ta. Sai 50: damanta 70, `na_baya` kuwa 30, a shiga 70 a ɗora ta. Ba ta da hagu, damanta 80, a ɗora 80, a rubuta 80, a dawo ga 70 a tarar damanta ita ce `na_baya`, a rubuta 70, daga ƙarshe a rubuta 50. Sitak ya zama fanko, `yanzu` babu komai a cikinsa, zagayen ya tsaya.

Abu ɗaya da ke rikita masu koyo shi ne, bayan an cire gaɓa ba a saka komai a `yanzu`. Da gangan ne. Barin sa fanko shi ke tilasta zagaye na gaba ya leƙa sama maimakon ya sake gangarawa hagun da aka riga aka gama.

Nawa ya ƙi tsayawa, yana ta buga lambobi iri ɗaya. Ina matsalar?

Kusan kullum an manta da sabunta `na_baya` ne, ko an manta da gwada ta. A bishiyarmu abin da zai faru shi ne a rubuta 20, 35, 40, a dawo ga 30, a ga tana da dama, a sake shiga 40, a rubuta 35, 40, a dawo ga 30, haka har abada. Tunda jerin sakamako yana ta kumbura, ƙaramar kwamfutar hannu mai gigabait 4 irin wadda ake saye ta hannu a Computer Village da ke Ikeja za ta fara nauyi kafin mutum ya ankara. A danna Ctrl da C tare, a duba layin da ke cire gaɓa.

Me ya sa aka rubuta `is not` maimakon `!=`, ko a gwada darajojin kawai?

Domin tambayar da ake yi ita ce ko gaɓar nan ce dai aka ziyarta, ba ko wata mai kama da ita ba. A ɗauki bishiyar lissafin 5 + 5, saiwa alamar tarawa, hagu 5, dama 5. Idan darajoji aka gwada, bayan an ziyarci 5 ta hagu sai kod ɗin ya ga darajar dama daidai take da ta `na_baya`, ya ɗauka an gama dama, ya tsallake ta. Amsa za ta fito 5 + maimakon 5 5 +, kuma idan 'yar daman tana da nata 'ya'yan, reshen ne duka zai ɓace ba tare da wani saƙon kuskure ba. Irin wannan ɓarna ta fi wadda ke faɗar da manhaja haɗari, domin duk gwajin da aka yi da lambobi mabambanta zai wuce lafiya.

A Python akwai tarko na musamman ga wanda ya gina gaɓarsa da `@dataclass`, saboda ita da kanta take samar da gwajin `==` mai kwatanta abubuwan da ke cikin gaɓa, don haka ganyaye biyu masu daraja ɗaya za su fito daidai da juna. A Java abin a juye yake: `==` ce ke gwada ko abu ɗaya ne, `equals` ce mai iya yaudara.

Akwai hanyar da ta fi sauƙin tunawa?

Akwai hanyar tuta. Maimakon mazubi guda a waje, kowace gaɓa tana shiga sitak tare da alamar da ke nuna ko an riga an buɗe 'ya'yanta.

```python
def da_tuta(saiwa):
    sitak = [(saiwa, False)]
    while sitak:
        gaba, an_bude = sitak.pop()
        if gaba is None:
            continue
        if an_bude:
            yield gaba.daraja
        else:
            sitak.append((gaba, True))
            sitak.append((gaba.dama, False))
            sitak.append((gaba.hagu, False))
```

Ana ɗora abubuwa a juyen yadda ake so su fita. Sitak ɗin ya ɗan fi na hanyar baya tsawo, kusan ninki biyu na zurfi, amma har yanzu zurfi yake bi, ba yawan gaɓoɓi ba. Fa'idarta ita ce sauya jerin layuka ukun ƙarshe kawai yake ba da sauran tsaruka biyun, kuma tana aiki a bishiyar da uwa ke da 'ya'ya fiye da biyu: sai a ɗora su duka daga na ƙarshe zuwa na farko. An yi amfani da `yield` a nan don a nuna cewa tana iya miƙa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, mai kira ya tsaya inda ya ga dama. Ga kod ɗin da wasu za su karanta a wurin aiki, wannan nake zaɓa.

Nawa ne lokacin da ake ci, nawa ne wurin?

Lokaci a duk hanyoyin uku O(n) ne, inda n ke nufin yawan gaɓoɓi, wato lokacin yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar yawansu. A hanyar sitak ɗaya kowace gaɓa ana ɗora ta sau ɗaya, a leƙa ta sau biyu in ya yi yawa, a cire ta sau ɗaya. Wuri O(h) ne a hanyar sitak ɗaya da ta tuta, inda h ke nufin zurfi, O(n) kuma a hanyar sitak biyu. Idan bishiya ta zama igiya, h da n sun zama ɗaya, bambancin ya tafi. Ko igiyar ta karkata dama ne ma babu sauƙi, domin kowace uwa sai ta jira 'yarta a cikin sitak, saɓanin uwa-a-farko inda igiyar dama ba ta taɓa sa sitak ya wuce gaɓa ɗaya.

A ina ake amfani da wannan a aikin gaske?

A duk inda amsar uwa ta dogara da amsar 'ya'yanta. Ba a san girman folda sai an san girman foldojin da ke cikinta, shi ya sa umarnin `du` a Linux yake buga na ciki kafin na waje, kuma `os.walk` ta Python tana karɓar `topdown=False` don wanda ke so ya share foldoji daga ƙasa. Zurfin reshe shi ne 1 a tara da mafi girman zurfin 'ya'yansa biyu, don haka sai an lissafa na 'ya'ya tukuna.

Misalin da ya fi fito da shi fili shi ne lissafi. A ce kuɗin mota na zuwa 800 ne, na dawowa 500, na kwana 6, wato (800 + 500) × 6. A bishiya saiwa ita ce alamar ninkawa, hagunta alamar tarawa mai 'ya'ya 800 da 500, damanta 6. Uwa-a-ƙarshe zai ba da 800 500 + 6 ×, jerin da ba ya bukatar baka ko ɗaya. Ana karanta shi da sitak: lamba a ɗora ta, alama a cire biyu na sama a yi aikin a ɗora amsa. 800 da 500 sun zama 1300, 1300 da 6 sun zama 7800. Rubuta lissafi ba baka ya samo asali daga masanin mantiƙi Jan Łukasiewicz na ƙasar Poland a shekarun 1920, wanda ya sa alama a gaba. Charles Hamblin na Ostireliya ya bunƙasa sigar da ke sa alama a baya don kwamfuta a shekarun 1950, kuma na'urar lissafi ta aljihu HP-35 da ta fito a 1972 da wannan tsarin take karɓar lissafi. Na'urar Java, wato manhajar da ke gudanar da kod ɗin Java, ita ma a kan sitak take gudanar da umarninta, don haka kwamfaila, manhajar da ke mayar da kod zuwa umarnin na'ura, idan tana fassara lissafi, bin bishiyar take yi a tsarin uwa-a-ƙarshe.

A harshen C, zan iya share bishiya da hanyar sitak ɗaya?

Share bishiya yana bukatar wannan tsarin, domin wanda ya saki uwa da `free` kafin ya karanta manunan 'ya'yanta ya rasa hanyar kai wa gare su. Sai dai akwai wata 'yar ƙura a hanyar `na_baya`: bayan an saki gaɓa, `na_baya` tana nuna wurin da aka riga aka mayar, kuma ƙa'idar C ta ce darajar irin wannan manuni ba ta da tabbas, ko da gwada ta kawai za a yi. A yawancin na'urori zai yi aiki, amma bai dace a dogara da haka ba. Mafita ita ce, lokacin da za a shiga dama sai a kwafi manunin zuwa `yanzu` a mayar da `dama` ta uwar `NULL`, tunda bishiyar dama rushe ta ake yi. Idan aka dawo, uwar za ta bayyana kamar ba ta da dama, a sake ta, `na_baya` kuma ba a bukatarta sam.

Wane irin sitak zan yi amfani da shi a Java da C++?

A Java a ɗauki `ArrayDeque`, domin takardun Java da kansu sun ba da shawarar a fifita `Deque` a kan tsohon `Stack`. A tuna cewa `ArrayDeque` ba ta karɓar `null`, don haka a gwada 'ya kafin a ɗora ta. A C++ `pop` ta `std::stack` ba ta dawo da komai, sai an karanta `top` tukuna, kuma kiran `top` a kan sitak fanko abu ne da ƙa'idar harshen ba ta fayyace sakamakonsa ba.

Ana iya yi ba sitak gaba ɗaya?

Ana iya. Idan kowace gaɓa tana da manuni zuwa uwarta, hanyar komawa sama tana cikin bishiyar, `na_baya` kaɗai ta isa ta nuna ko daga sama aka sauko, ko daga hagu aka dawo, ko daga dama. Idan babu wannan manunin, akwai dabarar da Joseph Morris ya wallafa a 1979, wadda ke aron manunan dama da ke fanko ta ɗaura su na ɗan lokaci zuwa gaɓar da za a koma, ta kwance su bayan ta wuce. Sigarta ta uwa-a-ƙarshe tana bukatar gaɓar bogi a saman saiwa da kuma juya jerin manunan dama a mayar da su. Tana sauya bishiyar yayin tafiya, don haka ba ta dace ba idan wani zaren yana karanta bishiyar a lokaci guda, kuma idan aka katse ta a tsakiya bishiyar za ta zauna a gurɓace.

Idan aka tambaye ni wannan a intabiyu, wacce zan rubuta?

Ko a ofis ne a Yaba ko Lekki, ko ta bidiyo da kamfanin waje, mai tambaya ya fi son ya ji dalili. A fara da faɗin hanyar kiran-kai a taƙaice, a ambaci iyakarta, a rubuta ta sitak ɗaya ko ta tuta, a bi ta da ƙaramar bishiya da baki. Idan lokaci ya ƙure aka rubuta ta sitak biyu, a faɗa da bakinka cewa wurinta O(n) ne kafin a tambaye ka.

Yaya zan tabbatar kod ɗina daidai ne?

A gwada bishiya fanko, da mai gaɓa ɗaya, da igiyar hagu, da igiyar dama, da uwa mai 'ya'ya biyu masu daraja ɗaya, domin kowanne yana kama kuskure daban: na farko yana kama wanda ya manta da gwada `None`, igiyar dama tana kama wanda ya manta da sabunta `na_baya`, na ƙarshe kuma yana kama mai gwada darajoji. Bayan haka a rubuta hanyar kiran-kai a matsayin ma'auni, a sa kwamfuta ta ƙirƙiri ƙananan bishiyoyi barkatai masu darajoji tsakanin 1 da 3 don maimaici ya yawaita, a kwatanta amsoshin biyu da `assert`. Gwajin ƙarshe shi ne igiya mai gaɓoɓi 100,000, wadda dole a gina ta da zagaye, tunda aikin ginawa mai kiran kansa zai faɗi a kanta kafin a kai ga gwada komai. A igiyar dama da aka saka lambobi 1 zuwa 100,000 a jere, amsar da ake jira ita ce lambobin a juye, daga 100,000 zuwa 1.